Asibiti a Cikin Cibiyar Bincike: Yadda Ake Haɗa Jinya da Nazarin Cututtuka a Ƙasar Gambiya

Gabatarwa

Idan aka ambaci binciken kimiyya, abin da yakan fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne wani masani sanye da farar riga, yana leƙen ƙwayoyin cuta ta madubin ƙara girma a cikin ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai na aikin. Binciken cututtukan ɗan'adam ba ya kammala sai an je ga mutum, an duba shi, an ɗebi jininsa, an bi lafiyarsa wata da watanni. Mutumin nan kuwa yana da ciwo, yana da iyali, sau da yawa kuma ba shi da kuɗin magani. A ƙasashe masu arziki, wanda ya shiga bincike yana da asibitin da zai je idan ya kwanta rashin lafiya. A ƙasashe masu tasowa, ana iya tarar da cewa likitan da ya zo bincike shi kaɗai ne likita a faɗin gunduma guda. To, mene ne haƙƙin marasa lafiya a kansa? Wa zai duba, wa zai bari? Ina iyakar jinya, ina kuma mafarin bincike?

Wannan maƙala za ta duba waɗannan tambayoyi ta hanyar ɗaukar misali guda, wato cibiyar binciken cututtuka da aka fi sani da MRC a ƙasar Gambiya, wadda ta shafe fiye da shekara 75 tana haɗa waɗannan ayyuka biyu a wuri ɗaya.

Asalin Cibiyar

Gambiya 'yar ƙaramar ƙasa ce a Afirka ta Yamma, wadda ƙasar Senegal ta kewaye ta ko'ina sai ta gefen teku. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 11,300 ba, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan 2. Ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a shekarar 1965. Tun kafin nan, a shekarar 1947, Majalisar Binciken Magunguna ta Birtaniya, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan MRC, ta kafa cibiya a Fajara, bakin teku kusa da Banjul, a harabar wani tsohon asibitin soja na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Da farko hankalin masanan ya fi karkata ga abinci da cututtukan da rashinsa ke haifarwa. Daga baya aiki ya faɗaɗa zuwa zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, sanƙarau, ƙyanda, tarin fuka, ciwon hanta da sauransu. An kuma buɗe rassa a cikin karkara, kamar na Keneba da Farafenni da Basse. A shekarar 2018 cibiyar ta koma ƙarƙashin Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta birnin Landan.

Akwai dangantaka ta haƙiƙa tsakanin wannan cibiya da ƙasar Hausa. Farfesa Brian Greenwood, wanda ya shugabance ta daga 1980 zuwa 1995, ya yi shekara goma kafin nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana jinyar masu sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, yana kuma nazarin cututtukan. A Zariya ne shi da abokan aikinsa suka nuna, a shekarar 1979, cewa allura ɗaya tak ta wani magani mai suna kuloramfenikol, wanda aka haɗa da mai don ya daɗe a jiki, tana iya warkar da sanƙarau. Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai a lokutan annoba, sa'ad da marasa lafiya suka fi ƙarfin ma'aikata. Daga baya Farfesa Tumani Corrah, likita ɗan Gambiya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe shugabancin cibiyar.

Me Ya Sa Cibiyar Bincike Ke Buƙatar Asibiti?

Dalili na farko na kimiyya ne. Alal misali, a ce ana son a san ko wata sabuwar allurar rigakafi tana hana ciwon huhu. Za a raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya sabuwar allurar, ɗaya kashin kuma a bar shi a kan alluran da aka saba. Bayan haka sai a zauna a ƙirga yara nawa ne suka kamu da ciwon a kowane kashi. Wannan ƙirga ba ta yiwuwa sai in akwai wurin da uwa za ta kawo ɗanta duk lokacin da ya yi tari ko zazzaɓi, a sami likitan da zai duba shi, a ɗauki hoton ƙirjinsa, a kuma gwada jininsa. Idan asibiti ya yi sakaci, ƙirga za ta lalace, sakamakon bincike kuma ya zama ba abin dogaro ba.

Dalili na biyu na ɗa'a ne. Wanda ya ba da jikinsa ko na ɗansa don a gwada magani ya ɗauki kasada saboda amfanin jama'a. Wajibi ne a tanadi inda za a kula da shi idan maganin ya yi masa illa, ko idan cutar da ake nazari ta kama shi.

Dalili na uku kuwa na zamantakewa ne. Cibiyar bincike baƙuwa ce a cikin mutane, Hausawa kuwa sun ce baƙo raɓa ne. Amma wannan baƙon yana son ya daɗe, kuma ba zai daɗe ba sai masu gida sun ga amfaninsa. Ba shi yiwuwa a nemi jinin yaro mai lafiya da safe, sannan da yamma a rufe ƙofa ga ƙanensa da ke suma saboda zazzaɓi.

Daga Bakin Ƙofa Zuwa Gadon Jinya

Sashen jinya na Fajara yana kula da mutane iri uku: waɗanda suka shiga bincike, ma'aikatan cibiyar da iyalansu, da kuma sauran jama'ar gari, waɗanda ba su da wata alaƙa da bincike. Akwai ƙaramin asibiti a bakin ƙofar shiga inda ake fara ganin mutane, akwai sashen da likitoci ke duba masu zuwa su koma gida, sannan akwai ɗakin kwanciya mai gadaje kimanin 40 na yara da manya. Dubun dubatar mutane ne ke zuwa a kowace shekara. Wanda ciwonsa ya wuce abin da sashen ya tanada akan tura shi asibitin gwamnati, musamman babban asibitin koyarwa na Edward Francis Small da ke Banjul.

A duk inda marasa lafiya suka fi gadaje yawa, aiki mafi muhimmanci shi ne tantancewa, wato gane wanda ba zai iya jira ba. Ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, sai wanda ya fi kusa da halaka. Ma'aikatan jinya suna da alamomin da suke dubawa. Sukan auna nauyi da zafin jiki, su kuma ƙirga numfashi na minti ɗaya. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin sau 40 ko fiye, ana zaton yana da ciwon huhu. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Idan ta nuna ƙasa da kashi 90 cikin 100, yaro yana buƙatar a ƙara masa iskar nan take. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake farfaɗiya, ko ya fita hayyacinsa, ba ya bin layi ko kaɗan.

Abin da ya bambanta irin wannan asibiti da na sauran wurare shi ne ƙarfin ɗakin gwaje-gwajensa. A yawancin ƙananan asibitoci, duk zazzaɓi akan ɗauke shi a matsayin na cizon sauro. A nan kuwa ana iya ɗibar jini a zuba a kwalba mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum. Cikin kwana ɗaya ko biyu, idan akwai ƙwayoyin bakteriya za su hayayyafa, a gane irinsu, a kuma gwada wane magani ne ke kashe su. Mara lafiya ya amfana domin an ba shi maganin da ya dace. Kimiyya ma ta amfana, domin idan aka tara irin wannan sakamako na shekaru, za a san waɗanne ƙwayoyi ne ke kashe yaran ƙasar, da kuma lokacin da suka fara bijire wa magani.

Darasin Ƙauyen Keneba

Babu inda tasirin jinya ya fito fili kamar yankin Kiang ta Yamma. Tun shekarar 1950, Dokta Ian McGregor ya fara rubuta duk haihuwa da mutuwa a Keneba da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, irin su Manduar da Kantong Kunda. Wannan rajista tana cikin mafi daɗewa irinta a nahiyar Afirka. Abin da ta nuna mai tayar da hankali ne: a shekarun farko, kimanin yara 4 cikin kowane 10 ba sa kaiwa shekara biyar. Mutuwar ta fi yawa da damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sauro ya yi yawa, iyaye mata kuma suna wuni a gona.

A wancan zamani masu bincike sukan zo ne lokaci-lokaci, su yi awo, su ba da maganin da ya sawwaƙa, su koma. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa asibiti na dindindin a Keneba, da likita da ungozoma da ma'aikatan jinya, ana duba mutane kyauta, ana yi wa yara rigakafi, ana awon masu juna biyu. Kafin ƙarshen ƙarnin, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko zuwa ƙasa da 1 cikin 10. Ba wani sabon magani na mamaki ne ya kawo haka ba. Abubuwan da aka riga aka sani ne aka kai kusa da mutane, aka kuma dawwama a kai.

Sai dai wannan nasara ta zo da wata matsala ta kimiyya wadda ya kamata ɗalibi ya lura da ita. Ƙauyen da ke da likita dare da rana ya daina zama misalin sauran ƙauyuka. Idan aka gwada wata dabara a can aka ga ba ta rage mutuwa ba, mai yiwuwa ne asibiti ya riga ya ceci yaran da dabarar za ta ceta. Wato kyakkyawar jinya tana canza abin da ake aunawa. Masana sun yarda cewa ba a gyara wannan ta hanyar hana mutane magani. Hanyar da ake bi ita ce a ƙara yawan mutanen da ke cikin bincike, a yi shi a wurare dabam-dabam, a kuma yi hattara wajen fassara sakamako.

Abin da Jinya ta Haifar wa Kimiyya

A shekarar 1961, McGregor da abokan aikinsa biyu, Cohen da Carrington, suka ware sinadaran garkuwa daga jinin manyan mutanen Gambiya waɗanda jikinsu ya saba da zazzaɓin cizon sauro, suka ba yaran da ke fama da cutar. Ƙwayoyin cutar suka ragu ƙwarai a jinin yaran. Wannan ya tabbatar da cewa jikin mutum yana iya ƙera makamin yaƙar cutar, abin da ya ƙarfafa fatan samun rigakafinta.

A shekarar 1991 aka wallafa sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa gidan sauro da aka jiƙa da maganin ƙwari ya rage mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 da kimanin kashi 60 cikin 100 a ƙauyukan da aka gwada. Da gwamnati ta faɗaɗa shirin zuwa ƙasa baki ɗaya, binciken da ya fito a 1995 ya sami raguwar kashi 25 cikin 100. Bambancin waɗannan alƙaluma biyu darasi ne a kan tazarar da ke tsakanin gwaji mai cikakkiyar kulawa da aikin yau da kullum.

Daga 1993 zuwa 1995 an gwada rigakafin ƙwayar cutar da ake kira Hib, mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu, a kan jarirai 42,848. Bayan kariyar da ta bayar daga sanƙarau, allurar ta rage ciwon huhun da ake gani a hoton ƙirji da kimanin kashi 21 cikin 100. Gambiya ta sa ta cikin alluran yara a 1997, kuma binciken da masanin nan ɗan Nijeriya, Richard Adegbola, ya jagoranta ya nuna a 2005 cewa cutar ta kusa ɓacewa daga yankin da aka bibiya. Haka kuma, daga 2000 zuwa 2004 an gwada rigakafin wata ƙwayar ciwon huhu mai suna nimokokas a kan yara 17,437 a gabashin ƙasar. Ta rage ciwon huhu da kashi 37, ta kuma rage mutuwar yara baki ɗaya da kashi 16 cikin 100. Nijeriya ta fara ba da allurar nan mai kariya biyar, wadda ta ƙunshi Hib, a 2012, ta kuma fara ta nimokokas a 2014. Ke nan jaririn da ake yi wa rigakafi a Katsina ko Sakkwato yana cin gajiyar ƙirgar da aka yi a ɗakunan jinya na Gambiya.

Riga Biyu a Jiki Ɗaya

Likitan da ke aiki a irin wannan wuri yana sanye da riga biyu. A matsayinsa na likita, burinsa shi ne lafiyar wanda ke gabansa. A matsayinsa na mai bincike, burinsa shi ne amsar wata tambaya da za ta amfani waɗanda ba a ma haifa ba. Galibi burin biyu suna tafiya tare, amma wani lokaci sukan yi karo. Tsarin bincike yana iya cewa a ci gaba da wani magani har kwana bakwai, alhali likita ya ga jikin yaro ba ya karɓa. Ƙa'idar duniya a nan a fili take. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, aka kuma yi mata gyara na baya-bayan nan a 2024, ta ɗora maslahar wanda ake bincike a kansa bisa kowace buƙata ta kimiyya. Don haka sai a fitar da yaron daga gwaji a yi masa abin da ya dace.

Haɗari na biyu yana wajen mara lafiya. Uwar da ta ga farar riga takan ɗauka duk abin da aka ba ɗanta an zaɓa ne domin shi, ba ta san cewa ƙuri'a ce ta sa shi a wannan kashi ko wancan ba. Saboda haka ake dagewa a kan neman yarda bayan cikakken bayani: a gaya mata cewa wannan gwaji ne, ga amfaninsa, ga haɗarinsa, tana da ikon ƙi, tana da ikon janyewa, kuma ƙin ba zai sa a hana ɗanta magani ba. A Gambiya wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin mutane suna magana da Mandinka, Fulatanci, Wolof, Jola da Sarahule, da yawa kuma ba sa karanta waɗannan harsuna a rubuce. An gwada amfani da murya da hotuna a kwamfuta cikin harshen mutum, aka ga fahimta ta ƙaru. A karkara akan fara da gaishe da dagaci, wanda suke kira alkalo, a kai masa goro, a tara jama'a a yi bayani. Amma yardar dagaci ba ta maye gurbin yardar mutum shi kansa. Bugu da ƙari, babu binciken da ake farawa sai kwamitin ɗa'a na haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Gambiya da cibiyar ya amince da shi.

Mutanen Kano sun san abin da ke biyo baya idan aka sami shakka a wannan fage. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga, 11 suka rasu: 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Masana da dama suna lissafa wannan lamari cikin dalilan da suka sa jama'a suka guji rigakafin shan-inna a 2003. Amana idan ta zube, ba ta kwasuwa duka.

Ina Iyakar Haƙƙi?

A ce an ɗauki wata mata cikin binciken zazzaɓin cizon sauro, sai aka gano tana da hawan jini ko ciwon sukari. Wannan ba ya cikin abin da aka ba da kuɗi a nazarta, kuma ciwo ne na har abada, alhali bincike na shekara biyu ne. A yi shiru? A ba ta magani har a gama, sannan a sake ta? Ƙa'idojin da Majalisar Ƙungiyoyin Kimiyyar Likitanci ta Duniya ta sabunta a 2016 sun nemi masu bincike su yi tanadi tun kafin a fara: su fayyace abin da za su yi da kansu, da inda za su tura abin da ya fi ƙarfinsu, da kuma abin da zai faru bayan an rufe bincike. Cibiyar da ke da asibiti na dindindin ta fi samun sauƙin cika wannan, domin ƙofarta ba ta rufewa da ƙarewar gwaji ɗaya.

Sai dai kyautatawa ma tana da nata haɗari. Inda magani ke da tsada, alkawarin jinya kyauta yana iya sa talaka ya amince da abin da ba zai amince da shi ba in da yana da zaɓi. Masu nazarin zamantakewa da suka zauna da iyaye a gabashin Gambiya lokacin gwajin rigakafin ciwon huhu sun tarar da cewa da yawa suna kallon shiga bincike tamkar ciniki: a ba da jini, a sami magani. Wasu kuma suna tsoron cewa ana sayar da jinin a Turai, ko kuwa ɗibarsa tana raunana yaro. Wannan tsoro ba a kawar da shi da dariya. Akan nuna wa iyaye cewa abin da ake ɗiba bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, a bayyana musu abin da ake yi da shi, a kuma koma a gaya musu sakamako. Buɗe asibiti ga kowa, da wanda ya shiga bincike da wanda bai shiga ba, yana rage wannan matsi, domin ba sai mutum ya ba da jini zai ga likita ba.

Kuɗi, Ma'aikata da Gwamnati

Masu ba da tallafin bincike sun fi son biyan kuɗin gwaji a kan biyan kuɗin gado, abincin majiyyata da albashin masu aikin dare. Don haka sashen jinya kullum yana cikin lissafi: mutum nawa za a iya gani a rana, wane magani za a ajiye, wane ne za a bari. Akwai kuma batun ma'aikata. Gambiya ba ta fara horar da likitoci a gida ba sai da aka kafa jami'arta a 1999. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, cibiyar da ta fi biya tana iya janye su daga asibitocin gwamnati, ta gyara wuri ɗaya ta raunana goma. Maganin wannan shi ne ta zama wurin horo, ta yaye fiye da waɗanda take ɗauka, ta kuma gudanar da gwaje-gwajenta a cikin asibitocin gwamnati inda hali ya yi, don kayan aiki da ƙwarewa su zauna a can. Kula da lafiyar 'yan ƙasa nauyi ne na gwamnati. Cibiyar bincike mataimakiya ce. An ga amfanin wannan taimako a 2020, lokacin da ɗakunan gwaje-gwajen cibiyar suka ɗauki babban kaso na gwajin cutar korona a ƙasar.

Misali Daga Bangaladesh

Gambiya ba ita kaɗai ba ce. A birnin Dhaka an kafa cibiyar binciken kwalara a 1960, aka buɗe mata asibiti a 1962. A can ne a 1968 likitoci suka nuna cewa ruwan gishiri da sukari da ake sha yana iya maye gurbin mafi yawan ƙarin ruwan da ake yi ta jijiya, domin sukarin gulukos yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin. Wannan dabara ta ceci miliyoyin yara a duniya. Asibitin yana duba fiye da mutum 100,000 a shekara kyauta, kuma yana da wata hikima: kowane mara lafiya na 50 akan yi masa cikakken gwaji da tambayoyi, ta haka ake sanin ƙwayoyin cutar da ke yawo a birni ba tare da an tsayar da jinya ba. A nan ne kuma Dokta Mohammod Jobayer Chisti ya haɗa na'urar taimakon numfashi da robar sabulun wanke gashi da bututu. A gwajin da aka wallafa a 2015, yara 4 cikin 100 ne suka rasu cikin waɗanda aka sa wa na'urar, alhali 15 cikin 100 suka rasu cikin waɗanda aka ba iskar oksijin ta hanyar da aka saba. Tambayar ta taso ne a gefen gado, a gefen gado kuma aka amsa ta.

Kammalawa

A taƙaice, asibitin da ke cikin cibiyar bincike yana ɗauke da nauyi biyu da ba a raba su. Sai an yi jinya mai kyau ake samun alƙaluma na gaskiya, sai kuma an tattara alƙaluma ake gane ko jinyar tana aiki. Abin da ke riƙe da su duka shi ne amanar jama'a, wadda ake ginawa da bayani na gaskiya, da girmama wanda ya ce a'a, da kuma kula da mara lafiya ko da ba shi da wani amfani ga bincike. Ɗaliban da ke sha'awar wannan fage su sani cewa ba likita kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar ma'aikacin jinya mai lura, masanin ɗakin gwaje-gwaje, mai haɗa magani, masanin lissafi da ƙididdiga, da tafinta wanda zai iya bayyana wa tsohuwa ma'anar ƙuri'a cikin harshenta. Malamai kuwa suna iya fara shuka wannan tun a aji, ta hanyar koya wa yara auna abu daidai, rubuta abin da suka gani ba abin da suke so su gani ba, da kuma tambayar wane ne zai amfana, wane ne kuma zai ɗauki kasada, a duk gwajin da aka kawo gabansu.